Na'urar da za ta juya wa jirgin ƙasa layi da kanta: za ta yi aiki a Gombe?

Ɗalibin Injiniya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema. Ina ajin ƙarshe a sashen injiniyan kanikanci a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da ke Bauchi, amma Gombe aka haife ni, gidanmu ba nisa da tashar jirgin ƙasa. Tun muna yara muke zuwa wurin da layi ɗaya ke rabuwa biyu, mu tsaya muna kallon libar nan mai ƙaton dunƙulen ƙarfe a kai. Yanzu lokacin aikin kammala karatu ya zo, kuma abin da nake so in ƙera shi ne na'urar da za ta juya layin da kanta, ba mutum, ba wutar lantarki. Tunanina shi ne a dasa wani mataki na ƙarfe a jikin dogo kamar mita 200 kafin mahaɗar. Idan ƙafar jirgi ta danne shi, sai ya ja doguwar sanda, sandar ta tura layin zuwa ɗaya gefen. Malamina ya ce in je in tambayi waɗanda suka yi aikin da hannunsu kafin in zana komai. Don Allah wanda ya san abin ya taimaka.

Mai Walda Jekadafari:
Wa alaikumus salam. Ƙanena wannan ai abu ne mai yiwuwa. Ka kawo zane, mu haɗa maka. Mun yi injin casar masara, mun yi na markaɗe, wannan sanda ce da sifirin kawai.

Injiniyan Sigina:
Wa alaikumus salam. Allah Ya yi wa karatu albarka. Kafin a kunna injin walda ina da tambayoyi biyu, ka amsa su a ranka. Ta farko, yaya matakin naka zai san inda jirgin yake son zuwa? Wani jirgin zai wuce ne kai tsaye, wani zai ratse ya ba ɗan'uwansa hanya, amma duka biyun ƙafa ɗaya suke da ita, nauyi ɗaya za su ɗora wa matakin. Ta biyu ta fi tsanani. Jirgi ba ƙafa ɗaya gare shi ba. Kan jirgi zai taka, tarago na farko zai taka, na ashirin ma zai taka. Idan jirgin ya fi mita 200 tsawo, kansa na kan mahaɗa alhali wutsiyarsa na can tana danna matakinka. Da zarar layin ya motsa a ƙarƙashin jirgi, ƙafafun gaba sun bi hagu, na baya sun bi dama. Abin da zai biyo baya ba sai na faɗa ba.

Ɗalibin Injiniya:
Gaskiya ta biyun ban yi tunaninta ba, Injiniya. Ta farko kuwa na yi tunanin a sa wa kan jirgin wani hannu da direba zai sauke idan yana son ratsewa.

Injiniyan Sigina:
Ba kai ka fara wannan tunanin ba, kuma ba abin kunya ba ne. Masu ƙere-ƙere da yawa a Amurka da Turai sun yi rajistar irinsa tun ƙarni na 19. Inda ya samu karɓuwa shi ne ƙananan jiragen cikin gari masu tafiya a hankali, da na ramukan haƙar ma'adinai. A babban layi mai ɗaukar fasinja ba a yarda jirgi ya juya wa kansa layin da yake fuskanta a guje, domin in na'urar ta ƙi, babu sauran tazarar taka burki.

Baba Tsohon Reluwe:
Salamu alaikum. Jikana ne ke rubuta mini, ni nake faɗa. Yaro, na ji daɗi da har yanzu akwai mai tambayar wannan abu. Na yi shekaru ina juya layi, tsakanin Bauchi da Bajoga babu tashar da ban kwana ba. Bari in fara gaya maka yadda abin yake, don na ga wasu a nan suna zaton jirgi sitiyari gare shi. Ba shi da shi. Kowace ƙafa tana da leɓe ta ciki, leɓen nan shi ke bin jikin dogo. A mahaɗa akwai dogo biyu da aka fiƙe bakinsu suka yi siriri, mu harshe muke ce musu. An ɗaure su da sanduna a tsakani don su tafi tare. Idan harshen dama ya manne da dogonsa, na hagu ya buɗe ya bar wa leɓe hanya. Ka juya liba, su sauya. Shi ke nan aikin. Amma manne ɗin nan shi ne rai. Ba kusan mannewa ba, mannewa.

Wata rana da damina, cikin dare, a wata ƙaramar tasha, na jefa liba. Dunƙulen ya faɗi, amma ƙarar da ya yi ba ita ce wadda kunnena ya saba ba. Hannuna ma ya ji. Na ɗauki fitila na duƙa. Tsakuwa ce, ba ta kai goro ba, ruwa ya turo ta tsakanin harshe da dogo. Daga tsaye ba za ka ga komai ba. Jirgin kaya na tafe, ina jin kukansa. Na mayar da liba, na cire ta da yatsa, na sake jefawa, sannan na ɗaga fitila. Har yau in na tuna sai in yi hamdala. To abin da nake so ka tambayi na'urarka shi ne, in tsakuwa ta shiga, wa zai ji?

Malamar Fiziks:
Allah Ya ƙara lafiya Baba. Ni daga Bauchi nake, ina koyarwa a sakandare. Akwai wani abu game da sandar mita 200 da ɗalibinmu ya ambata. Ƙarfe yana miƙewa da zafi. Kowace mita tana ƙaruwa da kusan milimita 0.012 a kowane digiri ɗaya. Ka ɗauki asubar hunturu da tsakar ranar watan Afrilu a Gombe, kuma ka tuna ƙarfen da ke kwance a rana ya fi iska zafi nesa ba kusa ba. Ko bambancin digiri 30 kawai ka ɗauka, sandar mita 100 za ta ƙaru da santimita 3.6, ta mita 200 kuwa ta haura santimita 7. Rana kaɗai ta isa ta buɗe maka harshe ba tare da jirgi ya zo ba.

Injiniyan Sigina:
Daidai ne Malama. Shi ya sa a tsohon tsari ake sa wata gwiwa a tsakiyar sandar, wadda ke mayar da turi ya zama ja, don miƙewar rabi ɗaya ta cinye ta ɗaya rabin. Duk da haka a Ingila an kayyade cewa kada mahaɗar da ake ja da sanda ta wuce yadi 350, wato kusan mita 320, daga ɗakin sigina, inda ake jan liba ana ba jirgi alamar tsayawa ko wucewa. Abin da ya fi haka sai mota ta lantarki, wato injin da ke tura harshe da ƙarfin wuta.

Amma kada ɗalibi ya karaya. Akwai na'urar kanikanci zalla da ke juya layi da kanta, kuma tana aiki a ƙasashe da dama. Mahaɗa mai sifirin. Ta dace da layi ɗaya tilo irin namu, inda ake yin ratse a tasha don jirage biyu su wuce juna. Sifirin yana riƙe harshe a gefe ɗaya kullum. Jirgin da ya taho daga Bauchi zai tarar an shirya masa, a ce, layin hagunsa. Wanda ya taho daga Bajoga shi ma a nasa bakin zai tarar da nasa hagun. Sun shiga layuka daban ke nan ba wanda ya taɓa liba. Wajen fita kuma kowanne zai zo wa mahaɗar ta baya, a rufe take a gare shi, sai leɓen ƙafarsa ya ture harshen ya wuce. Yana gama wucewa sifirin ya mayar. Ka lura, jirgin ba ya juya layin da yake fuskanta. Wanda yake bari a baya yake turewa. Nan ne hikimar take.

Mai Walda Jekadafari:
To ai ga shi! Sifirin. Abin da na faɗa tun farko.

Injiniyan Sigina:
Da sauran bayani, Malam. In sifirin ne kaɗai, duk ƙafar da ta wuce sai harshe ya koma ya bugi dogo, ta gaba ta sake ture shi. Jirgi mai tarago talatin ya wuce, ka lissafa bugu nawa ke nan. Bakin harshe zai cinye. Don haka ake haɗa shi da tukunyar mai irin shakzobar mota, ko irin abin da ake sa wa ƙofar banki don ta rufe a hankali. Ta bar harshen ya buɗe da sauri, amma ta jinkirta komawarsa har ƙafafu su gama wucewa. A arewacin Sukotland, inda layi ke ratsa daji mai nisa ba mutane, sun koma irin wannan tsari a shekarun 1980, mai aiki da mai da iskar gas da aka matse, suka haɗa da ba direba izinin tafiya ta rediyo. Sharaɗinsa shi ne jirgi ya bi kan mahaɗar a hankali, mil 15 a awa, kusan kilomita 24. Kuma akwai fitila kafin mahaɗar da ke shaida wa direba harshe ya manne. In ba ta kama ba, ya tsaya ya sauko ya duba.

Baba Tsohon Reluwe:
Injiniya ka manta da babban haɗarinta, ko kuwa ka bar mini ne. Mu ma muna da mai kama da ita a wurin shantin, inda ake jera taragai ana sauya musu layi, libar da nauyi ke mayar da ita. In jirgi ya ture harshe yana fita, to ya fita gaba ɗaya. Kada ya tsaya rabi a ciki rabi a waje sannan ya ja da baya. Harshe ya riga ya koma, ƙafafun da suka wuce za su bi wani layi, waɗanda ba su wuce ba suna kan wani. Na ga haka da idona sau ɗaya. Tarago biyu suka sauka ƙasa. Ba a yi rauni ba, amma mun kwana muna jak. Direban ba sabon hannu ba ne, sauri ne kawai da duhu.

Ɗan Kasuwar Tudun Hatsi:
Ku yi haƙuri in shigo. Ni ban san ƙarfe ba, buhu na sani. Duk wannan magana da kuke yi, ina jirgin yake? Wake da masara muke lodawa a tirela zuwa kudu, kuɗin mota ya cinye riba, ga shingaye a hanya. Mahaifina ya ce a zamaninsu gyaɗa da auduga a tasha ake tara su. Wai yaushe ma layin ya iso nan?

Malamar Fiziks:
Alhaji, aikin shimfiɗa layin Borno ya fara a 1958, da rancen dala miliyan 28 daga Bankin Duniya, wanda shi ne rancensa na farko ga Najeriya. Daga Kuru kusa da Jos aka ja shi. Ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri a 1964. Mutane na rikita shi da wani tsohon ƙaramin layi da ake kira da sunan Bauchi, wanda ya tashi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru saboda kuza, aka rufe shi a 1957. Wancan bai taɓa shigowa garin Bauchi ba. Namu faɗinsa milimita 1,067 ne, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa 1,435. A 2021 aka ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, kuma ɓangaren Fatakwal zuwa Aba ya fara aiki a 2024.

Ɗan Kasuwar Tudun Hatsi:
Allah Ya kawo shi nan muna raye. To in ya zo, a sa na zamani mana, mai kwamfuta. Me ya sa kullum mu za a ba tsohon yayi?

Mai Walda Jekadafari:
Alhaji na zamani da wace wutar? Kai ma ka san yadda muke kwana a shago muna jiran a kawo. Ka ce sola, to wa zai yi gadin faranti da batir a tsakiyar daji tsakanin nan da Bajoga? Wayar tagulla ko a cikin gari ba ta tsira daga masu jari-bola ba. Dogon kansa ma ana kamawa a tirela an yanka shi gunduwa-gunduwa. Ni dai abin da in ya lalace za mu iya gyarawa a nan shi ne namu. Wanda sai an jira kaya daga waje wata shida, ba namu ba ne.

Injiniyan Sigina:
Kowannenku na da gaskiya a wani wuri, amma ban yarda a ce ɗaya zai wadatar ba. A babbar tasha irin Gombe ko Bauchi, inda layuka suke da yawa kuma ana shantin, sifirin ba zai yi ba. Nan mota ta lantarki ce ta dace, kuma aikinta ba turi kaɗai ba ne. Abu uku take yi cikin 'yan daƙiƙu: ta zare kulle, ta tura harshe, ta sake kullewa. Sannan wasu sanduna dabam da ke manne da bakin kowane harshe su shaida cewa lallai ya kai. Sai wannan shaida ta iso sigina zai ba da hanya. Wannan ita ce amsar tambayar Baba. A Ingila ana gwada ta da ɗan ƙarfe mai kaurin milimita 3.5, a sa shi tsakanin harshe da dogo. In kulle ya shiga alhali ƙarfen na ciki, mahaɗar ta faɗi gwaji. Tsakuwar Baba ta ninka wannan sau da yawa.

Haɗa liba da sigina ta yadda ɗaya ba zai motsu ba sai ɗaya ya zauna daidai, tsohon abu ne. John Saxby ya yi rajistarsa a Ingila a 1856, kuma da ƙarfe zalla ya yi shi, ba wuta. Dokar 1889 ta wajabta shi a layukan fasinja na can, bayan haɗarin jirgi na garin Armagh a tsibirin Ayalan da ya ci rai 80 a shekarar, ko da yake shi wancan haɗarin taragai ne suka gangaro da baya, ba mahaɗa ba ce sanadi. Maganar kada layi ya motsa a ƙarƙashin jirgi kuwa, da ana sa doguwar sanda a jikin dogo wadda dole ta ɗaga kafin kulle ya zare, in ƙafa na kanta ba za ta ɗagu ba. Daga baya aka koma dabarar da William Robinson ya fito da ita a Amurka a 1872: a saki 'yar ƙaramar wuta a cikin dogo biyun, in jirgi ya hau, ƙafafunsa da sandar ƙarfen da ta haɗa su su haɗe wutar, na'ura ta san akwai jirgi ta ƙi motsi. In waya ta tsinke ko batir ya mutu, ita a wurinta akwai jirgi. Wato lalacewarta tsayar da jirgi take yi, ba sakinsa ba.

Sai kuma Malam mai walda, da girmamawa. Ina tare da kai a kan gyara a gida, amma sifirin da rayukan mutane ke rataye a kansa ba a yanko shi daga tsohuwar tifa. Sai an san irin ƙarfensa, an gwada ƙarfinsa, an san sau nawa zai lanƙwasa kafin ya gaji.

Mai Walda Jekadafari:
Na ji, kuma ban ƙi ba. Amma a koya mana gwajin. Kada a ce tunda ba mu da takarda ba za mu iya ba.

Injiniyan Sigina:
Wannan kam ina bayanka ɗari bisa ɗari.

'Yar Unguwar Reluwe:
Ni a kwatas ɗin ma'aikata na tashi a Bauchi, mahaifina wannan aikin ya yi har ya bar duniya. Abin da ke damuna shi ne duk na'urar da aka ce tana yi da kanta, ma'anarta an sallami wani. Da albashin juya layi aka yi mana makaranta mu bakwai. In jirgi ya dawo, ina laifin a ɗauki yaranmu da ke zaune?

Baba Tsohon Reluwe:
'Yata, Allah Ya jiƙan mahaifinki, wataƙila ma mun yi aiki tare. Amma zan gaya miki gaskiya. Tsayuwa a bakin liba ƙarfe biyun dare cikin ruwa, ga maciji ga sauro, ba abin da zan yi wa jikana fata ba ne. Kuma mutum yana gyangyaɗi, yana mantuwa. In na'ura za ta ɗauke wannan, ta ɗauke. Aikin da ba za ta ɗauke ba ya fi yawa. Harshe a kan faranti yake zamewa. Da hunturu ƙura ta haɗu da giris ta zama kamar tuwo, sai an kankare an sa sabo. Da damina yashi ya cika wurin, ciyawa ta fito. Noti yana kwancewa da girgiza. Kowace safiya sai mun bi da tsintsiya da gwangwanin mai da sifana. Su can ƙasashen sanyi ƙanƙara ce ke hana nasu motsi har suna sa masa abin ɗumamawa, mu namu ƙasa ce.

Injiniyan Sigina:
Abin da Baba ya faɗa shi ya faru a Potters Bar, arewa da Landan, ranar 10 ga Mayu 2002. Mahaɗar mai mota ce, da kulle da shaida da komai. Notocin sandunan da ke riƙe harsuna biyu ne suka kwance, harshe ya motsa a ƙarƙashin tarago na ƙarshe, mutum 7 suka rasu. A 2007 aka sake yin irinsa a Grayrigg da ke arewacin Ingila, nan ma sandunan ne, mutum ɗaya ya rasu, kuma bincike ya nuna an tsallake zagayen dubawa da ya kamata a yi kwanaki kaɗan kafin ranar. Ƙasar da ta fara jirgin ƙasa ke nan. Don haka Hajiya, yaran za su samu aiki, sai dai aikin mai awo da sifana ne, kuma sai an horar da su.

'Yar Unguwar Reluwe:
In dai za a horar ɗin. Tsorona a kafa na'ura, a yanke ƙyalle, a watse, ba mai waiwayarta sai ta yi ɓarna. Ban gamsu gaba ɗaya ba, amma na ji bayanin Baba.

Ɗalibin Injiniya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na ajiye maganar mataki. Abin da zan kai wa malamina yanzu shi ne ƙaramin samfurin mahaɗa mai sifirin da tukunyar mai, da alama ta kanikanci da ba za ta juya ta nuna hanya ba sai harshe ya manne. Kuma ina so in gwada shi da yashi da ƙura, in auna yawan da zai hana shi komawa. Malama, zan turo miki lissafin ƙarfin sifirin ki duba mini. Injiniya, tambaya ɗaya ta rage: man da ke cikin tukunyar, zafin Afrilu ba zai tsinka shi har ya daina jinkirtawa ba?

Injiniyan Sigina:
Zai tsinka shi, da asubar hunturu kuma ya yi kauri har komawar ta yi nawa fiye da kima. Ka sa wannan a cikin gwajin. Ka auna daƙiƙun komawa da sassafe, ka sake aunawa da azahar, da mai iri biyu ko uku. In ka samu lambobin ka turo nan mu gani, ni ma ina so in sani.

Baba Tsohon Reluwe:
Yaro, in ka shigo Gombe ranar Asabar ka nemi jikana ta akwatin sirri, ya kawo ka gida mu tafi tasha tare. Za mu fara gaida shugaban tasha mu nemi izini, kada ka taɓa liba sai ya ce to. Ka zo da tef ɗin awo da tocila da littafi. Ka sa takalmi mai rufi, akwai ƙaya da kunama a wurin. Bayan la'asar ya fi, ƙarfen ya ɗan huce.